Harafin da Malam Tanimu Ya Ciza

Ku gyara zama, yau na zo da wadda za ta raba kanku. Kada kuma wani ya ce mini "dukansu", don na san halinku.

A wani gari na bakin babban titi an yi wani mai rubuta allunan shaguna, Malam Tanimu. Duk wani allo na kirki a garin, da karin maganar da ke bayan manyan motoci, daga hannunsa suka fito. Matarsa Tabawa ta sha ganin direbobi sun yi cirko-cirko suna kallon yadda yake ja wa harafi wutsiya da burushi. Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kada shi. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Abin da ya fi yi masa ciwo, in an nuna masa rubutu sai ya kalle shi kamar jerin tururuwa. Da ya gane haka, sai ya juya fuska bango ya rufe bakinsa. Ba tuwo, ba kunu, sai ɗan ruwan da ake ɗura masa da magiya. Likita bai ɓoye wa Tabawa ba, ya ce magani ba ya aiki a cikin da babu abinci, in bai ci ba tafiya zai yi. Tsoro ya kama ta ƙwarai, ta aika aka kira 'ya'yansu uku.

Babbarsu Lantana ce, mai yin dubulan da alkaki na biki. Tana zaune kusa da uban tana ɗan taunar ƙuliƙuli mai zobe, sai ɗaya ya faɗi a tabarma. Can ta ga yatsansa na hagu ya lallaɓo ya hau zoben, yana zagaya shi, yana sake zagayawa. Ta ce, "Inna, kin ga abin da na gani? Ido ya manta, amma yatsa bai manta ba." Ta tashi ta kwaɓa fulawa, ta lanƙwasa haruffa ta zuba a mai. To, mai ba ya jin kunyar kowa. Cikin A ya toshe, hannuwan E suka ƙone, sauran suka fito kamar kwaɗi. Duk da haka, da ta ajiye su gefensa da zafinsu, Tabawa ta ga mijinta ya juyo daga bango yana lalubensu.

Na biyu shi ne Sallau, mai tsara rubutu a wani gidan ɗab'i na birni. Ya tsuguna bakin murhu yana kallon abin da mai ke yi wa kwaɓi, har ya gane inda yake kumbura da inda yake ƙonewa. Daga nan ya shiga kasuwa da fensir, ya bi masu abinci yana leƙa farantansu, har aka fara cewa ko ɗan Malam ya taɓu ne. Ya ɗauko O daga zoben ƙuliƙuli, S daga murɗin dubulan, I daga tsinken tsire. Ƙugiyar Ƙ da Ɗ da Ɓ kuwa, daga lanƙwasar bakin barkono ya samo ta. Ya zana su ɓul-ɓul, ya faɗaɗa cikinsu don kada mai ya toshe shi. Lantana ta bi zanen ta soya, ta tsoma a zuma, aka jera a faifai. Jama'a, ni da nake ba ku labarin nan har yanzu tsigar jikina na tashi. Haruffa ne sak, ba wanda zai kasa karantawa, amma kowanne sai ka ce dariya yake yi. Maƙwabta suka shigo suna riƙe baki suna "Ikon Allah!" Tabawa ta tsufa cikin rubutu, amma ba ta taɓa sanin yana iya yin kyau haka ba. Malam ya bi su da yatsa, leɓensa na motsi, hawaye na zuba, ya gane su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai da ta kai masa ɗaya baki, ya karɓa ya mayar da shi gurbinsa a hankali. Kyansu ya hana shi ci.

Autansu Shekarau mai shayi ne a tasha. Tun yana yaro ya gudu daga sana'ar, saboda ranƙwashin da ya sha a kan karkataccen rubutu. Da safe ya gutsuri kwaɓi ya yi K mai ƙafa ɗaya zalalo, ya soya, ya cusa a tsakiyar jerin. Sallau ya ce, "Kai, ka ɓata mini aiki!" Shekarau ya ce, "Yaya, bari kawai. Ni na san mutumin nan, ƙeyata ce shaida." Idon Malam ya bi jerin, ya zo kan K ya tsaya cak. Fuska ta murtuke. Ya waiga neman wuƙa, babu, ga hannu ɗaya. Sai ya fizgi harafin ya gatsa ƙafar da ta yi tsawo, ya ɗaga ya auna da ido, ya ƙara gatsa. Tabawa tana kallon maƙogwaronsa har ta ga ya motsa. Ya dubi Shekarau ya ce, "Sha... shasha." Ta fashe da kukan murna, don ba ta taɓa jin zagi mai daɗi irin wannan ba. Tun daga ranar kullum Shekarau sai ya ɓata haruffa, Malam ya gyara da haƙori, har ya kai ga neman tuwo da bakinsa.

Labarin haruffan ya bazu, gidan ɗab'i suka nemi su riƙa buga littattafan yara da su, suka aiko tambayar sunan da za a sa wa haruffan. Malam, wanda yanzu yake iya zama a ƙofar gida, ya ce cikin 'ya'yansa sunan wanda ya dawo da shi za a sa, kuma suna ɗaya ake raɗa wa jariri. Ya ce, "Tabawa, ni ina kwance, ke kika ga komai. Ke za ki zaɓa."

Tabawa ta dubi 'ya'yanta, kowanne ya sunkuyar da kai, hankalinta ya tashi, domin duk sunan da ta kira ta bar biyu. Lantana ce ta gano hanyar, kuma hannunta ya soya. Sallau ya mayar wa uban da haruffansa. Shekarau kuwa, da ko layi ba ya iya ja daidai, shi ya buɗe bakin.

To, ku da kuke zaune nan, sunan wa Tabawa za ta kira?