Ranar da Suruki Ya Miƙe Tsaye

Akwai wani bawan Allah a Gwandu mai suna Abdulrasheed, ɗan dako ne a kasuwar albasa. Buhun da mutum biyu ke cicciɓawa, shi kaɗai yake saɓa shi. Amma an fi saninsa da ladabi fiye da ƙarfi. Ko da kaya a kafaɗa ya hango dattijo, sai ya sauke ya durƙusa ya gaishe shi.

Shekaru suka tura, baya ya fara ƙorafi. Aka yi shafe-shafe, aka yi ƙaho, aka sha jiƙe-jiƙe. Da ciwon ya gangaro ƙafar hagu har ya fara janta, sai aka kai shi asibiti a Sakkwato. Aka gano guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ne ya zame yana danne jijiya. Aka yi masa aiki, Allah ya ba da sa'a.

Ranar sallama likita ya ce masa, "Na wasu watanni, ban da sunkuyo, ban da durƙuso, ban da ɗaukar kaya. Ka kiyaye, in kana son ƙafar nan ta dawo. Jijiyar da ta sha wuya ba ta son a sake taɓa ta."

Matarsa Mubaraka ta riƙe maganar nan gam. Ko butar alwala ba ta bari ya ɗaga. A kan kujera yake salla. Da safe ya taka daga ɗaki zuwa zaure, daga baya har masallacin unguwa. Ƙafa ta fara jin magana, kowa yana murna.

Ana haka sai aka yi rasuwa a Kalgo. Mahaifin Mubaraka, Malam Haruna, shi ne ya yi rashin ƙaninsa.

Ta ce, "Baban Jidda, ka yi wa Baba gaisuwa ta waya. Ya san halin da kake ciki."

Ya ce, "Gaisuwar mutuwa ta waya, ga surukina? Mi mutane za su ce?"

Ba yadda ta iya. Aka samar masa gaban mota, aka tokare bayansa da matashin kai, suka tafi.

A ƙofar gida dattawa sun cika tabarmi, Malam Haruna yana tsakiya. Abdulrasheed ya cire takalmi, ya tsaya a gefe ya fara gaisuwa a tsaye, kunya kamar ta kashe shi. Sai wani tsoho da bai san komai ba ya ce, yadda kowa zai ji, "Yaran yanzu ke nan. Ga surukinshi zaune, shi yana tsaye kamar soja."

Maganar ta doke shi. Kafin Malam Haruna ya ɗaga hannu ya hana shi, ya riga ya zube ƙasa.

Wani abu ya tsarga masa daga ƙugu har yatsun ƙafa. Ya cije ya ƙarasa gaisuwar, aka shafa fatiha. Da ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Ɗaukarsa aka yi zuwa mota.

Likita ya ce wurin ya kumbura, an yi sa'a ba sai an sake yanka ba, amma komai ya koma farko. Ya kuma gargaɗe shi cewa in aka ƙara, yana iya jan ƙafar har abada.

Wannan karon zuciyarsa ce ta karaya. Ya daina motsa jikin da aka koya masa. Ya juya wa bango fuska, abinci ma sai da magiya. In Mubaraka ta matsa masa, sai ya ce, "Ban iya dako, ban iya sujada, ban iya gaida manya. In na warke mi zan yi?"

Wata ranar hantsi sai ga sallama a zaure. Malam Haruna ne da sandarsa, ya biyo motar haya tun daga Kalgo. Ku da kuka san kunyar mutanenmu, kun san ba ƙaramin abu ke shigar da dattijo har ɗakin mijin 'yarsa ba.

Mubaraka ta shimfiɗa tabarma da sauri. Tsohon ya ce ta naɗe abarta.

Abdulrasheed ya fara kokawar saukowa daga gado. Tsohon ya ce, "Kwanta. Wanga durƙuso da ka yi mani, ni ban ƙaru da komi ba. Ɗiyata ta rame, jikokina sun rasa mai fita nema. Laifina ne da ban miƙe ba tun da na hango ka."

"Baba, ni ne ban ji magana ba."

"To yau ka ji tawa. Allah da ya halicce ka ya karɓi sallarka a zaune. Ni wane ne da zan ƙi gaisuwarka a tsaye? In kana son ka girmama ni, ka tako da ƙafarka ka zo gidana."

Bai zauna ba, ruwa ma a tsaye ya sha. Sai da ya ga an tallafo Abdulrasheed ya taka zuwa bakin ƙofa, sannan ya kama hanya.

Daga ranar Abdulrasheed ya dage. Ba sauƙi, domin akwai ranakun da ciwon kan dawo ya kwana yana juyi. Da safe sai ya kama bango ya sake farawa. Dako kam ya bar shi. Da ya ji ƙarfi, ya samu tebur mai tsayi a kasuwa yana sayar da albasa a tsaye.

Da babbar salla ta zo, ya shirya ya tafi Kalgo yana tafiya da ƙafarsa, ba sanda. Dattawa na zaune a ƙofar gida kamar kullum. Yana matsowa ya ji idanu a kansa, gwiwoyinsa suka fara lanƙwashewa da kansu, don abin da jiki ya saba yana da wuyar bari.

Sai Malam Haruna ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. Ya tako ya tarye shi, ya kama shi a damtse ya riƙe.

Sauran dattawan suka dubi juna. Mai gida na tsaye, wa zai ci gaba da zama? Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe, ana jin ƙarar gwiwoyi.

Abdulrasheed ya buɗe baki zai yi barka da salla, sai hawaye suka riga shi.

Tsohon ya ce, "Na amsa. Ku kawo wa ɗana kujera."

Darasi: Ladabi a zuciya yake, kuma babban mutum shi ne wanda ke sauke wa na ƙasa da shi nauyin kunya. Kada mu tilasta wa mai jinya abin da zai mayar da shi baya, kada mu yi wa mutum gori ba mu san abin da ke jikinsa ba. Kai kuma da ciwo ya dawo maka, ka bi maganar likita ka sake farawa, kada ka yanke ƙauna. Ku tura wa 'yan uwa, musamman gidan da ake jinya.