Ƙasar da Sahabi Ya Jibga wa Soron Inno

A zamanin da ganuwar Sakkwato ke tsaye ana rufe ƙofofinta da magariba, an yi wani falken shanu a Ƙofar Dundaye mai suna Sahabi. Mutum ne mai kyauta, mai jin ƙan mahaifiyarsa, amma yana da aibi ɗaya: ba a gaya masa. Da ya dubi sa sau ɗaya zai faɗi naman da ke jikinsa, kuma da wuya ya kuskure. Wannan baiwa ce ta ruɗe shi, har ya ɗauka babu nauyin da idonsa bai iya aunawa.

Mahaifiyarsa Inno ta tsufa, zafin bazara na wahalar da ita. In rana ta take, soronta sai ya zama kamar tanda. Sahabi ya kira Baba Mode, tsohon maginin da ya gina gidan tun mahaifinsa na da rai, ya ce a ƙara ƙasa bisa rufin don sanyi ya samu.

Baba Mode ya ɗaga kai ya dubi azara, itacen giginyar da ke riƙe da rufin, ya ce, "Ɗana, azarag ga ta ɗauki iyakar abin da taka iyawa. In sanyi kaka so, a ɗaga bango, a huda 'yan tagogi biyu bisa suna kallon juna iska shi ratsa, a kahwa rumhwa wajen yamma. In za a sa sabuwar ƙasa, sai an kankare tsohuwa."

Sahabi ya yi dariya. "Baba, wanga aikin wata guda na. Ni da nika auna bajimi da ido, kwandon ƙasa za shi gagare ni?"

"Ƙasa ba sa ba ta. Ban sa hannuna ciki."

Tsoho ya tafi, Sahabi ya sa barorinsa suka jibga ƙasa, suka daɓe. Da aka gama ya hau rufin da ƙarti uku, suka yi ta tsalle, ko gezau. Abin haushi, ɗakin kuwa ya yi sanyi. Inno ta sa masa albarka, tsofaffin unguwa suka riƙa zuwa yin kaɗin auduga a wurinta. Yabo ya shiga kan Sahabi. Bazara ta gaba ya ƙara ƙasa, ta bayanta ma ya ƙara. Bai taɓa tunanin cewa busasshiyar ƙasa ya gwada ba.

A damina ta uku Inno ta fara ganin ƙasa na zubowa cikin furarta. Ta ce masa, "Kai, ina jin iccen ga na kuka."

Ya ce, "Ɓeraye na, Inno. Ki kwantar da hankalinki."

Ta bar maganar, don ba ta son ta kunyata ɗanta a kan aikin da ya yi dominta.

Da marka ta kankama aka kwana uku ana ruwa, ba mai ƙarfi ba, irin mai naci. Ran na uku bayan azahar, Sahabi na zaure da fataken da ruwa ya tsare, sai ga Baba Mode ya faɗo ko sallama babu, jiƙe sharkaf, yana haki.

"Sahabi, hid da Inno daga ɗakin can yanzu! Na biyo ta bayan gida, indararonta ba shi zubad da komi. Ruwan kwana ukku duk ƙasa ta shanye, shina bisa kanta!"

Fatake suka dubi mai gida. Nan Sahabi ya yunƙura zai tashi, amma ya ga idon baƙi a kansa. Ya gyara zama ya ce, "Baba, zamna ka sha hura. In ruwa ya ɗauke mu duba. In hid da tsohuwa cikin ruwa don maganar indararo?"

"Don girman Allah, ɗana..."

Bai rufe baki ba suka ji ƙara kamar an karya busasshen reshe, sannan wani gum da ya girgiza ƙasa har zaure. Sai kukan mata daga cikin gida.

Sahabi bai san lokacin da ya kai tsakar gida ba. Bangon soron huɗu na tsaye, rufi babu. Laka ta cika ɗakin har ta toshe ƙofa. Nan take ya faɗa wa lakar da hannu yana kiran Inno, maƙwabta suka zo da fatanyu da kwanduna.

Yana tono yana gane aikinsa. Ya wuce jar ƙasar bana, ya tarar da ta bara, ya wuce ta, ya tarar da ta bara waccan. Sai ƙarƙashin ta ukun ya ga 'yar siririyar ƙasar da Baba Mode ya sa tun farko, kaurinta bai fi taƙi ba. Ana kiran la'asar suka kai ga Inno. Tana kan tabarmarta, mazari a hannunta, rai ya riga ya yi halinsa.

Sahabi ya zauna cikin laka ya rungume ta. Da Baba Mode ya dafa kafaɗarsa, abin da ya iya faɗi kawai shi ne, "Da na tashi sadda kac ce, da taku goma na zan yi."

Ya kai mai karatu, kowace sana'a da masu ita, kuma gwaninta a kasuwar shanu ba ta mai da mutum magini. Sanyin ɗaki na samuwa ne da gini bisa ƙa'ida: tsayin bango, mashigar iska, inuwa, da rufi daidai ƙarfin abin da ke riƙe da shi. Kyakkyawar niyya ba ta gyara aikin da aka yi da girman kai. In masani ya ce maka ka tashi, ka tashi ko a gaban wa kake, domin kunyar baƙi ta yini ɗaya ce, nadama kuwa har kabari.