Hoton Da Sallau Ya Zana Da Hagu

Ku gyara zama, ga wata shari'a na kawo muku, don ni dai ta fi ƙarfina.

A Sabon Garin Zariya an yi wani mutum mai suna Sallau, shi ke tsara zane a wata maɗaba'a. Katin biki, kalanda, bangon littafi, tambarin masu sayar da yaji da man shafawa, duk sai sun bi ta hannunsa kafin su hau inji. Tun yana yaro a ƙauyensu yake zane da gawayi a katangar kakarsa, ya sha rankwashi, bai daina ba. Da kwamfuta ta zo ya koye ta, amma ba ya taɓa ta sai ya fara fitar da aikin da fensir. Kullum da ɗan rediyonsa a gefe. Yakan ce shi launi yake ji a cikin kiɗa, wai kalangu ja ne, sarewa kuwa shuɗiya.

Wata rana da hantsi yana cikin aiki fensir ya suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ishaya, mai tuƙa injin buga takardu, shi ya fara lura bakin Sallau ya karkace. Nan da nan aka taru, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce a kwantar da shi a yi masa fifita ya huta. Ishaya ya taɓa ganin irin wannan a jikin mahaifinsa, saboda haka bai saurari kowa ba. Ya goya shi, hannuwansa duk tawada, ya fita titi ya tsaya a gaban wata mota har ta taka burki, sai asibiti. Likita ya ce da an bar shi ya huta ɗin, da hutun ya zarce. Sallau ya rayu, amma hannun dama ya shanye.

Da aka sallame shi sai ya juya wa duniya baya. Ya kwanta yana fuskantar bango, ba magana, abinci ma sai matarsa ta yi kuka yake cin loma biyu. A ganinsa mai zane da ba hannu gawa ce da ba a binne ba. Labari ya kai ga Barau, abokinsa na ƙuruciya, makaɗin gurmi. Barau ya bar bukukuwan da aka gayyace shi, ya taho Zariya. Bai yi masa nasiha ba, bai ce ya yi haƙuri ba. Zama kawai yake yi a bakin ƙofar ɗaki yana kaɗa wani ɗan take da suka ƙirƙira suna yara, lokacin da suke kora awaki zuwa fadama. Ya yi ta kaɗawa kwana da kwanaki. Rannan sai ya karkatar da kiɗan da gangan. Can sai ga murya daga ciki, da ƙyar take fita.

"Ba haka yake ba, Barau. Ka ɓata shi."

"To, taso ka gyara mini."

Sallau ya ja jiki ya fito, ya riƙa buga masa taken a gwiwa da yatsun hagu. Ranar ya cinye tuwonsa, har ya nemi ƙari.

Ta ukunsu ita ce Talatu, mai tsara shafuka a maɗaba'ar. Ita da Sallau ba su cika shiri ba, kullum cikin musu suke a kan launi, tana cewa ya cika son ruwan ɗorawa. Amma da mai maɗaba'a ya fara neman wanda zai maye gurbinsa, ita ta ce a bar kujerarsa, za ta haɗa aikinsa da nata. An yi mata tayin aiki mai gwaɓi a Kaduna, ta ƙi tafiya. In an tashi da la'asar sai ta biya gidansa, ita da matarsa su zaunar da shi, ta sa masa fensir a hannun hagu. Ya jefar, ta ɗauko. Abin da ya fara zanawa kamar kaji sun yi tono a takarda, ita kuwa ba ta iya daɗin baki ba.

"Wannan ba da'ira ba ce, Malam Sallau, ƙwai ne. Sake."

Haka suka yi ta yi, damina ta wuce, wata ta zagayo, har hannun ya fara jin magana.

Hoto na farko da ya kammala da hagu na kasuwar Sabon Gari ne bayan an ɗauke ruwa, 'yan tumatir suna yaye leda daga kan kayansu, rana na ƙyalli a cikin taɓo. Duk wanda ya gani ya ce ko da dama bai taɓa yin kamarsa ba. Masu hali suka taya, ya ce ba na sayarwa ba ne. Ashe tun yana kwance ya yi alkawari tsakaninsa da Allah, in har ya sake zane, na farkon zai ba wanda ya dawo da shi.

Nan fa gizo ke saƙar. Ya je wa Ishaya, Ishaya ya ce shi gangar jiki kawai ya kai asibiti, a ba Barau. Barau ya ce kiɗa ba ya koya wa hannu riƙe fensir, a ba Talatu. Talatu ta ce in da ba a kai shi asibiti ba, wa za ta koya wa? Sallau ya ce zai zana wa kowa nasa, kuma ya zana. Sai dai shi ya san na farko guda ɗaya ne, alkawarin kuma a kansa yake. Har yanzu hoton na jingine a ɗakinsa, a nannaɗe cikin zanen ɗaurawa na matarsa, ya kasa ratayewa, ya kasa bayarwa.

To, jama'a, wanda ya ceci ran, da wanda ya farfaɗo da zuciyar, da wadda ta raini hannun, wa Sallau zai kai wa hoton nan?