Kada Ka Dafa Shi, Lawal

Akwai wani mai walda a Sharada, sunansa Lawal. Gwani ne, wannan kam ba musu, amma fa akwai jin kai. In ka ba shi shawara, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ja tsaki.

A shekarar 1984 wata masana'anta ta rufe a Bompai, aka yi gwanjon injunanta. Lawal ya sayi tsohon injin fere ƙarfe, irin wanda yake juya ƙarfe da gudu, wuƙa tana sassaƙarsa. Sai da ƙarti goma sha biyu suka taru kafin a sauke shi daga mota.

Bayan motar, sai ga wani dattijo a kan keke. Malam Muntari ke nan, wanda ya shekara goma sha takwas yana aiki da injin. Hannunsa na hagu yatsu uku ne.

"Na zo in taya ka girka shi," in ji dattijon. "Na san halinsa."

Ya sa aka zuba kankare, aka jira kwana bakwai ya bushe. Ya ɗaure ƙafafun injin da noti, ya yi ta gwadawa da ma'aunin ruwa har ya zauna daram. Lawal yana ta ƙunƙuni, amma ya daure.

A kan mariƙin wuƙa aka ɓata, wato dunƙulen ƙarfen da ake ɗaure wuƙar a jikinsa. Wanda ya zo da injin baƙi ne, mummuna, ga nauyi, kuma kafin ka sauya wuƙa sai ka kwance noti huɗu. Lawal ya samo wani a wajen 'yan gwangwan, yana ta ƙyalli, murɗa ɗaya ka sauya wuƙa.

Malam Muntari ya ɗauko duka biyun. Ya rataye tsohon da waya, ya ƙwanƙwasa shi da sifana. Amo ya tashi, tinnn, ya daɗe bai mutu ba. Ya rataye sabon, ya ƙwanƙwasa.

Ƙwaf.

Ya sake. Ƙwaf.

"Wannan da tsaga a cikinsa," ya ce. "An shafe ta da fenti ne. Ido ba zai gani ba, sai kunne."

Lawal ya fashe da dariya a gaban maƙwabta. "Haba Baba! Wanda ya kasa tsare yatsunsa ne zai koya mini aiki?"

Wallahi jama'a, ni da aka ba ni labari ma sai da maganar nan ta sosa mini rai.

Dattijon ya naɗe tsohon mariƙin a buhu, ya tura shi ƙarƙashin benci. Ya riƙe kekensa, sannan ya juyo.

"Abu ɗaya nake roƙonka, ɗana. In sabon mariƙin nan ya fara rawa, kashe injin. Kada ka dafa shi."

Ya tafi, bai waiwaya ba.

Ranar Asabar da hantsi aka buɗe wurin aikin feren ƙarfen. Alhaji Uba, mai manyan motoci a Dakata, ya zo da jama'arsa da wata sandar ƙarfe ta mota da yake so a fere. Ya ce in aikin ya yi kyau, duk gyaran motocinsa nan zai dawo.

Lawal ya naɗe hannun riga, ya kunna injin. Ƙasa ta ɗauki gurnani. Wuƙa ta taɓa ƙarfe, ɓawonsa ya fara zubowa a nannaɗe, mutane suna cewa, "Masha Allah!"

Can sai wata 'yar ƙara ta shigo. Kar, kar, kar.

Lawal ya ji ta. Ya ƙara tura wuƙar. Ƙarar ta ƙaru, sabon mariƙin ya fara kyarma, har ƙyallinsa yana rawa a bango.

"Lafiya kuwa injin nan?" in ji Alhaji Uba, yana ja da baya.

Jan maɓallin kashewa yana nan dab da gwiwar Lawal. Ya dube shi. Ya dubi mutanen da suka zuba masa ido. A kashe inji ranar buɗewa, a gaban Alhaji? Me za a ce a Sharada gobe?

"Lafiya lau, Alhaji. Haka yake yi."

Ya miƙa hannun hagu ya dafa mariƙin don ya tsayar da rawar.

Ƙarar da ta biyo baya, har masu shago na bakin titi sun ji ta. Mariƙin ya dare gida biyu, wuƙar ta kafe a jikin kwanon rufi, hannun Lawal ya zame cikin ƙarfen da ke juyawa. Salati kawai ake yi.

Kwana uku yana kwance a asibiti, sai ga Malam Muntari da ledar lemo. Ya zauna a bakin gado, ya ajiye hannunsa na hagu kusa da naɗaɗɗen hannun Lawal. Yanzu kowannensu yatsu uku gare shi.

"Ni ma na ji ƙwaf ɗin nan, shekara goma sha uku ke nan," ya ce a hankali. "Manaja ne ya tsaya a kaina, na ji kunyar kashewa, na dafa. Ba neman aiki ya sa na biyo motarka ba, Lawal. Na biyo ne don kada injin nan ya sake cin yatsun wani."

Lawal ya juya fuska bango, hawaye na zuba. "Malam, ku yafe mini."

"Na yafe tun kafin in hau keke. In ka warke, tsohon mariƙin yana nan ƙarƙashin benci."

Darasi: Mai tabo a jiki ya riga ka biyan kuɗin ilimin da yake ba ka kyauta, don haka kada ka raina gargaɗinsa. Kuma kunyar minti ɗaya ta fi nadamar har abada sauƙi. Ku tura wa duk wanda yake aiki da inji, ko wanda ba ya jin magana.