Dinarin Tsohuwar Rijiya

A zamanin da, tun ana auna arzikin ƙasa da yawan ayarin da ke sauka a zangonta, an yi wani sarki wanda kuɗin jabu suka hana shi sakat. Wasu marasa tsoron Allah ne suka riƙa zuba dalma, su shafe ta da ruwan zinariya, su cusa ta cikin kasuwa. Fatake suka fara kauce wa garin. Da abin ya kai wa sarki wuya, sai ya sa sankira ya zaga da shela cewa duk wanda aka kama da dinarin jabu, hannunsa na dama ne zai biya.

To, wazirin wannan sarki, sunansa Korau, mutum ne mai hankali da sanin ya kamata, sai dai yana da wata cuta da ba ta jin magani, wato tara tsofaffin kuɗi. Yana da wani katako da aka sassaƙa wa gurabe, kowane gurbi da dinarinsa, duk bugun Sarki Maikwari wanda ya kafa garin. Babu baƙon da zai sauka gidansa ya tsira bai ga katakon nan ba, ko da kuwa yunwa na cinsa. Waziri zai shafa shi ya ce, "Ya cika. Babu irin dinarin da Maikwari ya buga wanda ba ya nan." Ya faɗa a gida, ya faɗa a fada, har yara suka haddace.

Ba shi kaɗai ke fama da cutar ba. Duk ranar Alhamis da hantsi sukan taru su huɗu a zaurensa, kowa da ɗan ƙullinsa. Akwai Jatau maƙerin fari, shi ke goga gefen kuɗi a baƙin dutse ya ɗora a mizani. Akwai Malam Cindo, mai karanta rubutun da shekaru suka cinye. Akwai Iya Tabawa, tsohuwar bafatakiya wadda idonta ya yi rauni amma kunnenta na nan garau, ita kuɗi take ƙyastawa da farce ta saurari kukansa. Shi kuma Waziri ya san tambarin kowane sarki. Dokarsu guda ce, kuma Waziri ne da kansa ya kafa ta: ba a kiran kuɗi na gaske ko jabu, ba a yanke masa daraja, sai ya zaga hannuwan nan huɗu.

Ana nan, wata rana dogarai suka shigo fada da wani mutum, rigarsa duk busasshiyar laka. Sunansa Nomau, sana'arsa yasar rijiya. Ya je sayen jaki ne ya miƙa dinari mai walƙiya kamar yau aka buga shi, mai jakin kuwa ya dubi dinarin, ya dubi rigar Nomau, ya kwarma ihu.

Sarki ya miƙa wa Waziri dinarin ya ce, "Ga sunan kakanmu Maikwari a jikinsa. Kai da katakonka ya cika, ai ba ka bukatar dogon nazari. Na gaske ne ko jabu?"

Waziri ya karɓa. Dinarin na sauka a tafinsa ya ji nauyin zinariya, don hannun da ya shekara yana ɗaga kuɗi ba ya ɓata. Sai ya juya bayan dinarin, ya ƙirga tsinin tauraronsa. Duk dinarin Maikwari tauraro ne da shi mai tsini shida. Wannan bakwai gare shi.

Abin da ya kamata ya ce bai fi ƙarfin bakinsa ba: a yi masa haƙuri zuwa Alhamis. Amma fadawa sun zuba masa ido, ga maganar sarki tana yi masa amo a kunne. In wannan dinari na gaske ne, to katakonsa bai cika ba, kuma duk cika bakin da ya yi shekara da shekaru ya tashi a banza. Wanda bai taɓa tara komai ba zai ga wannan ba abin damuwa ba ne. Ni dai na san mutanen nan, gara ka ce wa ɗayansu gidansa ya rushe da ka ce masa saura ɗaya.

Waziri ya gyara murya ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, tsinin tauraronsa ya wuce ƙa'ida. Sannan kuɗin da ya ga zamanin Maikwari ba zai zo mana da fuska sabuwa haka ba. Jabu ne."

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san jabu ba, ban san na gaske ba. A tsohuwar rijiyar bayan ganuwa na tsince shi cikin laka. Ku da kuka sani, don Allah ku duba da kyau."

Sarki ya yanke cewa ranar Juma'a bayan an sauko za a zartar da doka. Aka zaga da Nomau kasuwa don ya zama izina, yara na binsa suna kiran "Nomau Jabu, Nomau Jabu." Dinarin kuwa aka bar shi hannun Waziri, don shi ke ajiye kuɗin jabu kafin a narkar da su.

Tun daga ranar Waziri bai sake jin daɗin tuwo ba. In ya zo alwala ya ɗebi ruwa da hannun dama, sai ya tsaya yana kallon hannun har ruwan ya tsiyaye. Matar Nomau ta zo ta zauna a ƙofar gidansa. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi komai ba, in ya fito sai ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba Waziri nasara." Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya gwada lallashin kansa cewa wataƙila jabun ne, tunda masu jabu ma sun iya aiki. Sai ya ɗauko dinarin ya ɗora a tafi, hannun ya sake faɗa masa abin da ya faɗa a fada. Kunya da nadama suka rufe shi, har katakon da yake ƙauna ya kifa shi a ƙarƙashin gado.

Ranar Alhamis abokansa suka zo. Waziri ya rasa bakin da zai faɗa musu, sai ya yi dabara. Ya haɗa dinarin da wasu tsofaffin kuɗi a kan ƙyalle, ya tura tsakiya kamar wani bafatake ne ya kawo, ya ce yau shi zai zama na ƙarshe.

Jatau ya ɗauki dinarin ta gefe, yadda suke yi don kada gumin yatsa ya taɓa fuskar. Ya goga a dutse, ya auna, ya ce, "Wannan zinariya ce tsantsa, irin jan nan na mutanen da. Ku dubi fuskarsa, ko kaɗan bai goge ba. Wannan bai taɓa yawon kasuwa ba, wani wuri ya kwanta. Aibinsa ɗaya, ga ɗan ƙarzanen ƙarfe nan kamar na abin haƙa, kuma sabo ne."

Iya Tabawa ta ɗora shi a kan yatsa, ta ƙyasta, ta kai kunne. Ta lumshe ido har kukan ya mutu, sannan ta ce, "Kai, madalla! Dalma ba ta wannan waƙa, ko za a shekara ana koya mata."

Malam Cindo ya jiƙa gashin kaza ya share lakar da ta cike bakin dinarin a hankali. Sai ga wani siririn rubutu ya fito. Ya kai shi wajen haske ya karanta, ya ce, "An rubuta, sadaka ce ga masu ƙishi."

Iya Tabawa ta tafa hannu. "Ashe ba tatsuniya kakata ke yi mana ba! Takan ce shekarar babban fari Maikwari ya haƙa rijiyoyi bakwai, kowace ya jefa mata zinariya a ciki. Ga tsini bakwai, ga..." Ta juyo da fuskarta wajen Waziri ta ce, "Waziri, wane bafatake ne ya kawo maka abin da ya kwana a rijiya? Ko shi ne na bawan Allahn da za a yanke wa hannu gobe?"

Waziri ya sunkuyar da kai.

Malam Cindo mutum ne mai son rufa asiri. Ya ce, "Kuskure ai na ɗan Adam ne. Gobe mu je tare, ka ce laka ce ta rufe rubutun shi ya sa ba ka gani ba. Kuma gaskiya ne, laka ta rufe shi. Mutumin ya tsira da hannunsa, kai ka tsira da rawaninka."

Waziri ya ce, "Allah gafarta Malam, ban nemi rubutun ba ne don ba na son in gani. Tun da ya sauka a tafina na san na gaske ne."

"To me ya sa?" in ji Jatau.

"Don ba shi a katakona."

Iya Tabawa ta ce, "Wato saboda rami ɗaya a jikin itace za a raba mai yasar rijiya da hannunsa? Kai ka kafa mana dokar hannu huɗu, kai ka fara taka ta, a gaban sarki kuma. Wallahi Korau, ka ba ni kunya." Tun da ya hau waziranci ba wanda ya kira shi da sunansa haka, kuma bai ga laifinta ba.

Kashegari tun kafin a tafi masallaci suka isa fada su huɗu. Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce dinarin Nomau na gaske ne. Sarki ya ɗaure fuska ya ce, "Ran nan jabu, yau na gaske. Yaya zan gane wacce ce jabun a cikin maganganunka?" Ya sa aka kawo ƙwarya cike da dinaran jabun da aka ƙwace, aka jefa na Nomau ciki aka gauraya, aka ɗaure wa Iya Tabawa ido da rawani. Ta riƙa ɗauka tana ƙyastawa tana yarwa gefe, tana tsaki. Can ta ƙyasta wani, kukansa ya cika fada. Ta ɗaga shi sama, aka duba, tsini bakwai. Jatau ya nuna zanensa a dutse, Malam Cindo ya karanta rubutun, fadawa suka ɗauki salati.

Sarki ya ce, "Na gamsu. Laka ce ta ruɗe ka ke nan, Waziri?"

Ga ƙofar tsira a buɗe, sarki da kansa ya buɗe masa ita. Waziri ya dubi Nomau da ke durƙushe tsakanin dogarai, rungume da hannunsa na dama a ƙirji kamar mai goyon jariri. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba laka ba ce. Na sani tun ranar. Na ji kunyar a ce akwai dinarin Maikwari da ban mallaka ba, sai na zaɓi a yanke hannun mutumin nan. Ga ni, a yi mini abin da ya dace."

Sarki ya sa aka kwance Nomau, ya tambayi mutanen nan uku darajar dinarin. Jatau ya ce a mizani daidai yake da kowane dinari. Iya Tabawa ta ce amma da yake ba a taɓa ganin ɗan'uwansa ba, ga fuskarsa lafiya lau, ko an cire aibin ƙarzanen ya isa gona mai kyau da shanun noma.

Sarki ya ce, "To Waziri zai ba Nomau gona da shanu daga dukiyarsa, diyyar mutuncinsa. Dinarin kuma na Nomau ne, ya sayar wa wanda ya so, ban da mutum ɗaya. Kai Waziri, ba za ka mallake shi ba har ka koma ga Allah, ba da saye ba, ba da kyauta ba. Ba zan tuɓe ka ba, tunda kai ka kawo ƙarar kanka. Daga yau kuma dokar zaurenku ta zama dokar ƙasata: ba wanda za a hukunta kan kuɗi sai sun zaga hannu huɗu."

Aka yi shela, fatake suka dawo, don sun san yanzu ba baki ɗaya ke yanke hukunci ba. Masu jabun na ainihi ma ba su daɗe ba aka cafke su. Nomau ya koma gida da hannuwansa biyu, kuma ya ƙi sayar da dinarin ga kowa.

Abu ɗaya ne shela ta kasa gogewa. Har Nomau ya yi furfura, in an tambayi gonarsa sai a ce, "Wacce, ta Nomau Jabu?" Ba da mugunta ake faɗa ba, suna ne ya bi shi. Duk ranar da Waziri ya ji sunan nan a kasuwa, sai ya koma gida ya kasa cin abinci.

Masu ba da labari sun ce ya kira masassaƙi ya ƙara masa gurbi ɗaya a katakon, a tsakiya, inda ido zai fara sauka. Bai sake jawo baƙo ya nuna masa ba. In wani ya matsa ya gani, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mun ji labari katakon nan ya cika," sai Waziri ya sa yatsa a cikin gurbin nan da ba komai, ya ce, "Saura ɗaya. Yana hannun mai shi."