Manomin da Ya Zagi Masu Tsaronsa

Akwai wani manomi mai gonar rake a bakin fadama, wanda ba ya sa takalmi in zai shiga aiki, wai laka tana riƙe masa ƙafa. Wata rana ya dawo gida tsakanin yatsun ƙafarsa na ƙaiƙayi, wurin ya yi ja ya kumbura. Bayan 'yan kwanaki tari ya kama shi, daga baya kuma ciki ya riƙa murɗa masa, har da zawo. Ya yi ta gunaguni yana cewa, "Wannan jiki nawa ba shi da amana. Kullum sai ya samo abin da zai hana ni aiki."

Ana nan sai duk abin ya lafa. Mutumin ya yi murna, ya ce ya warke.

Amma kafin damina ta fita, ƙarfinsa ya soma raguwa. Shi da yake nome kunya ashirin kafin rana ta take, sai ya zama in ya yi uku ya nemi inuwa yana haki. Ciyawa ta cinye rabin gonar. Matarsa ta duba tafin hannunsa, ta ga ya yi fari fat, ta ce, "Maigida, gobe asibiti za mu."

Malamar asibiti ta gwada jininsa da bayan gidansa, ta ce, "Baba, tsutsa ce. Ta fatar ƙafa ta shiga, ta bi jini ta ratsa huhu, yanzu tana maƙale a hanji tana shan jininka."

Ya ce, "To, 'yata, ai ni tuni na daina jin komai."

Ta ce, "Nan haɗarin yake. Allah ya sa masu tsaro a cikin jininmu. Tsutsa ta yi musu girman haɗiya, don haka sukan taru su kewaye ta, su zuba mata dafi. Ƙaiƙayin nan da kumburin, faɗansu ne a bakin ƙofa. Murɗar cikin kuma, hanji ne ke zubo ruwa da yauƙi yana matsawa don ya share ta waje. Tsutsar da ta tsira takan fitar da wani abu da ke sanyaya masu tsaron har su sassauta. Shirun da ka ji ke nan."

Ta ba shi maganin tsutsa da na ƙarin jini, ta ce kada ya sake shiga laka ba takalmi.

Suka kama hanyar komawa gida. Can ya ce wa matarsa, "Shekara hamsin ana yaƙi domina a cikin jikina, ban taɓa gode wa wanda ya ajiye mayaƙan ba. Zagi ma na yi." Da suka isa, suka durƙusa a tsakar gida suka yi godiya. Ƙarfinsa ya dawo, da rani kuwa ya sare abin da ya tsira na rakensa da hannunsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: zunubi yakan shigo ƙarami, ta inda ba mu kula ba. Damuwar da kake ji a zuci bayan ka yi ƙarya ko ka ci mutuncin ɗan'uwanka, lamiri ne, mai tsaron da Ubangiji ya ba ka kyauta. Zunubin da ya daɗe yakan lallashe shi ya yi shiru, kai kuwa ka ɗauka salama ce. Mai tsaro shi kaɗai ba zai iya fitar da shi ba, sai ka zo wurin Yesu Almasihu, wanda maganin yake hannunsa. Saboda haka in zuciyarka ta tsawata maka a wannan mako, ka gode wa Allah da har yanzu tana magana, ka tashi ka je ka nemi gafara.