Kukan Tsohuwar Kilifa a 'Yar Sifikar Auta

Akwai wani mai aski da mutanen layinsu ke kira Reza, saboda in ya gyara maka gaban goshi sai ka rantse da rula ya ja layin. Ya daɗe a sana'ar, har yaran da ya yi wa askin farko sun fara kawo masa nasu 'ya'yan.

Amma abin da Reza ya fi ji da shi ba askin ba ne. Dogon bencin da ke ƙofar shagonsa ne. Da la'asar ta yi, Direba zai ajiye mota ya zo, Mai Faci zai wanke hannu ya zo, sauran su biyo baya. A nan ake musun ƙwallo, a nan ake jin abin da duniya ke ciki. Wanda sumarsa ta taru sai ya miƙe ya hau kujera. Majalisar nan ita ce cinikin Reza, ita ce kuma girmansa a layin.

Yana da wata ƙatuwar sifika a kusurwar shago, wadda sai mutum biyu ke iya ɗagawa. Ƙara kam tana da ita, sai dai muryarta kamar ta mai mura. Da an ɗauke wuta kuwa sai ta yi gum, ko da ana shirin buga fanareti ne.

Bango ɗaya ne ya raba shagon Reza da na Auta, ƙanin matarsa. Reza ne ya koya masa aski, shi ne kuma ya nema masa shagon, kuma ba ya gajiya da faɗa wa mutane haka.

Wata rana Auta ya shigo yana washe baki, riƙe da wata 'yar baƙar aba da ba ta fi kofin shayi ba.

"Yaya, zo ka ga abin da na samo."

Reza ya kalle ta a sheƙe. "Wannan kuma mene ne? Gwangwanin man gashi?"

"Sifika ce, Yaya. Ba waya, ba soket. Kawo wayarka in haɗa maka da bulutut ka ji da kunnenka. Waya biyu ma tana ɗauka a lokaci guda."

Reza ya miƙa wayar yana dariyar raini. Da sauti ya fito, dariyar ta yanke. Kiɗan ya cika shagon tas, ba gargada. Ganga na bugawa har cikin ƙirji, muryar mawaƙi kuma kamar yana tsaye a bayanka. Auta ya tsoma ta cikin bokitin wanke tawul, ya ciro ta tana ci gaba da waƙarta.

"Caji ɗaya, tun safe har ka tashi ba ta mutuwa," in ji Auta.

"Kayan yara ne," in ji Reza. "Ba za ta yi ƙarko ba."

A ƙarshen makon aka yi babban wasa. Benci ya cika maƙil, ana sauraron sharhi, ƙwallo na gab da raga, sai fat, aka ɗauke wuta. Majalisa ta ɗauki salati. Can sai suka ji muryar mai sharhi na tahowa daga shagon Auta, tar kamar ba abin da ya faru.

Mai Faci ne ya fara miƙewa. "Bari mu ji ƙarshen wasan, Reza, yanzu za mu dawo."

Ba su dawo ba. Washegari ma can suka nufa, wasu a kan bulo, wasu a tsaye. Suna wucewa su ɗaga wa Reza hannu, su gaishe shi da mutunci, su zarce. Sannu a hankali masu sumar da ta taru suka fara hawa kujerar Auta, tunda ga su a wurin.

Jama'a, kishi ya kama Reza, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. In ya ji an fashe da dariya a bayan bango, sai ya ji kamar da shi ake. In Auta ya leƙo ya ce, "Yaya, ka dawo nan mana a yi hirar da kai," sai ya ji kamar zagi ne.

A gida matarsa ta ce, "Wai me ke damunka ne, Baban yara? Sai tsaki kake yi kamar an aiko ka."

"Ƙaninki ne. Yaron da na koya wa riƙe almakashi, yau shi ne mai jama'a."

"To ai abin alfaharinka ne. Ka sayi irin tasa mana."

"Ni? In kwaikwayi Auta? Allah Ya kiyaye."

Ka ji fa. Hanya ga ta a buɗe, amma girman kai ya tsaya a bakinta.

Wata la'asar yana zaune shi kaɗai yana latsa waya, sai ya ga alama a saman allo. Wayarsa ta haɗu da sifikar Auta da kanta, ta cikin bango, tunda ta riga ta san ta. Ya daɗe yana kallon alamar. Shaiɗan kuwa ya ja kujera ya zauna kusa da shi.

Ya buɗe durowar ƙasa ya ciro wata tsohuwar kilifa, injin aski, da ya daɗe da ajiyewa. Kilifar na da wani irin kuka mara daɗi, ta yi gurnani, ta yi tari, ta ci gaba da gurnani. Ya jona ta, ya kara wayar a jikinta, ya naɗi kukan.

Da aka zo wasa na gaba, Reza ya kasa kunne a bango. Mai sharhi na ɗaga murya, ɗan wasa ya yanke mai tsaron baya, saura shi da gola, sai Reza ya danna. Sharhi ya yanke. Gurnani ya cika shagon Auta.

"Kai! Mene ne haka?" Direba ya yi ihu.

Auta ya kashe, ya kunna. Sharhi ya dawo, an riga an ci ƙwallon. Reza ya toshe baki da tawul yana dariya har da hawaye.

Haka ya mayar da abin sana'a. In ana sauraron labarai, gurnani. In an sa waƙa mai daɗi, gurnani da tari. Yana leƙawa ya ce, "Ban faɗa maka ba? Kayan yara ne."

Auta ya ce, "Haka ne, Yaya."

Abin da ya ɗaure wa Reza kai shi ne, majalisa ba ta dawo ba. Hasali ma gaisuwar ta fara gajarta. Mai Faci da ke tsayawa ya tambayi iyali, yanzu sai ya ce "sannu" kansa a ƙasa. In gurnanin ya tashi kuma, ba wanda ke ihu kamar da. Sai shagon ya yi tsit har ya gama.

Wata safiya, kafin kowa ya zo, Auta ya shigo da sallama. Ya tura ƙofa, ya ɗora 'yar sifikar a kan kantar da Reza ke jera mayuka, ya durƙusa kamar yadda ya saba tun yana koyo.

"Yaya, na kawo maka ita. Na cika mata caji, ga wayar cajin nan."

Reza ya dake. "Lalatacciyar za ka kawo min?"

"Lafiyarta ƙalau, Yaya. Kai ma ka sani." Auta ya ɗago ido, ba fushi a ciki, sai gajiya. "Da kilifar nan ka koya min aski. Ni nake ɗiga mata mai, ni nake ɗaure mata kusa in ta fara tari. Ko a mafarki na ji kukanta zan gane ta."

Reza ya kau da kai gefe, Auta ya ci gaba.

"Tun ranar farko na gane. Na so in cire wayarka daga jikinta, sai na ga in na yi haka kamar na ce maka na kama ka ne. Na ce bari in yi shiru, wataƙila za ka huce."

"Ka faɗa wa mutane?" Muryar Reza ta yi ƙasa.

"Ban faɗa wa kowa ba, har yayata, matarka. Na sami wani shago a can bayan tasha, yau zan kwashe kayana. Ba zan zauna ina ɓata maka rai ba a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ka yafe min in na yi maka laifi."

Ya miƙe ya fita. Reza na jin ana jan kujera, ana cire madubi daga bango, amma kunya ta hana shi leƙawa. Wani ɓangare na zuciyarsa kuma, Allah wadai da son kai, yana cewa, to yanzu dai ga sifika, ga benci, dole su dawo.

Da la'asar ya share ƙofar shago, ya goge benci, ya ɗora sifikar a taga ya kunna sharhi. Sauti ya fita tas har tsallaken titi.

Direba ne kaɗai ya zo. Bai zauna ba.

"Bismillah mana," in ji Reza. "Ga wuri."

"A'a, wucewa zan yi." Direba ya juya makullin mota a yatsa. "Reza, mu fa ba yara ba ne. Shekara nawa kilifar nan tana kuka a bayan kunnenmu? Akwai wanda ke zama a bencin nan da ba ta taɓa cizon ƙeyarsa ba? Duk mun gane ta. Kunyarka muka ji, shi ya sa ba wanda ya tanka."

"Wasa ne fa kawai..."

"Da wasa ne, da ka fito mun yi dariyar tare. Mu dai mun je can ne don mu ji ƙwallo, da niyyar in ka sayi taka mu dawo. Amma mutumin da zai yi wa yaron da ya raina haka, ni dai ban iya miƙa masa wuyana yana riƙe da reza ba."

Ya yi sallama ya tafi, ya bi hanyar bayan tasha.

Auta bai yi ƙarya ba game da batirin. Sifikar ta yi ta magana tun daga lokacin har rana ta yi ja, ba ta ko rage murya ba. An ci ƙwallo, an rama, an tashi wasa, ba wanda ya yi ihu a ƙofar shagon. Mutum ɗaya ne ya shigo, shi ma tambayar inda Auta ya koma ya yi.

Da ya koma gida da ita a hannu, matarsa ta tare shi da murna.

"Ai Auta ya kira ni, ya ce ya bar maka ita tukwicin koyarwa. Ka ga yaron kirki! Kai kuma kana ta zarginsa." Ta karɓa tana jujjuya ta. "To ya mutanenka? Sun ce tana da daɗi?"

Reza ya zauna a bakin gado, ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana kwance igiyar takalmin da ba a ɗaure take ba.

Darasi: Hassada ba ta dawo maka da abin da ka rasa, sai dai ta tafi da wanda ya rage a hannunka. In Allah Ya ɗaga na ƙasa da kai, ka taya shi murna, ka gyara naka. Kada shirun mutane ya ruɗe ka, sau da yawa sun gani, mutuncinka ne suke karewa. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokan sana'a, wataƙila ya isa ga wani kafin ya danna abin da zai yi nadama.